Ɗumama daɓen ɗakin ƴan tsaki da ruwan zafi: yadda muka daidaita shi a ɗarin Damagaram

Wanda ya san Damagaram a watan Afrilu kaɗai zai yi mamakin jin ana zancen ɗumama ɗaki a nan. Mai kiwon kaji kuwa ya san abin da Disamba da Janairu ke yi. Da asuba ma'auni kan sauka zuwa digiri 14 ko 15, wani daren ma ƙasa da haka, alhali ɗan tsakon kwana ɗaya yana son wurin kwanciyarsa ya kai digiri 32, kuma ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa sai ya kusa sati biyu. Abin da aka saba shi ne kaskon gawayi. Yana aiki, amma zafinsa sama yake hawa ya bar ƙasa da sanyi, yana cin iskar ɗakin, yana fitar da gubar da ba ta da wari, ga fargabar gobara dare ya raba. Shi ya sa muka bi ta ƙasa, muka binne tiyo cikin daɓen siminti, ruwan ɗumi na zagayawa a ciki. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san gadon ƙasa na mai jego, wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa: laka ta sha zafi sannu a hankali, ta riƙe shi, ta ci gaba da bayarwa bayan wutar ta mutu. Daɓen ma haka halinsa yake, kuma duk wahalar daidaita shi daga wannan jinkirin take fitowa.

Ɗakin na ƙasa ne mai kaurin bango, mita 4 a mita 4 da rabi, na tsaki 500. Mun ɗumama murabba'in mita 16, muka bar zirin rabin mita a gefe guda babu tiyo. Nan ake jera mazuban ruwa don kada ruwan sha ya yi ɗumi, kuma tsakon da zafi ya dama yana da wurin gudu. A ƙasa an shimfiɗa leda, sai farin soson nan irin wanda ke zuwa cikin kwalin firiji, mai kaurin santimita 5, da siririn soso na santimita 1 a zagaye gindin bango. Wannan soson shi ne wurin da ba a yin rowa. In babu shi, zafi ƙasa zai riƙa bi, kana ɗumama turɓayar da ke ƙarƙashin ɗaki da kuɗinka. A kansa aka ɗora ragar ƙarfe, aka ɗaure tiyo na roba irin PEX mai faɗin milimita 16, tazarar santimita 15 tsakanin layi da layi. Tsawonsa duka ya ɗan haura mita 105, muka raba shi zagaye biyu, kowanne wajen mita 55 har da jelar da ke fita zuwa mararraba, inda ruwa ke rabuwa ya shiga zagayen biyu. Mun nannaɗe shi kamar bayan katantanwa, layin da ke shiga da wanda ke fita suna gefen juna, domin in aka yi masa kai-da-komo daga bango zuwa bango, gefen da ruwa ke shigowa zai fi ɗayan zafi, tsaki su taru a can su danne juna.

Kafin a zuba siminti an cika tiyon da ruwa, an matsa shi zuwa bar 6 a ma'aunin matsi, ya kwana allurar ma'aunin ba ta motsa ba, kuma a matse aka bar shi har magina suka gama, saboda in shebur ya huda shi a gani nan take. Kaurin daɓen santimita 7. Iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya nuna, don haka an rufe shi da leda, ana jiƙa shi har sati guda. Ƙa'idar ƙasashen Turai ta wannan aiki ta ce kada a tura zafi cikin daɓen siminti sai bayan kwana 21, a fara da ruwan digiri 20 zuwa 25 na kwana 3, sannan a kai shi zafin aiki na kwana 4. Mun bi wannan. Daɓen da aka yi wa gaggawa yana tsagewa, tsagar kuma maɓoyar datti ce da ƙwayar cuta tsakanin zubin tsaki ɗaya da na gaba.

Zafin daga rana yake zuwa. Akwai akwatunan dafa ruwa masu gilashi, murabba'in mita 6, suna fuskantar kudu, an jingina su kimanin digiri 30 domin rana tana karkata kudu a lokacin ɗari. Wannan ma tsohon ilimi ne a Nijar, tun zamanin da Farfesa Abdou Moumouni ke shugabantar ONERSOL, hukumar makamashin rana ta ƙasa, a Yamai ake ƙera irin waɗannan akwatuna a ƙasar. Tankin na ƙarfe ne, lita 600, an naɗe shi da soso, an ɗaga gindinsa sama da kan akwatunan da santimita 30 ko fiye, don ruwan da ya yi zafi ya hau da kansa ba tare da inji ba. Tankin roba na ajiyar ruwan gida bai dace ba, yana laushi in ruwa ya wuce digiri 60.

Lissafin da komai ya rataya a kansa gajere ne. Lita ɗaya ta ruwa in ta sauka digiri ɗaya tana ba da wat-awa 1.16. Mun ƙiyasta daɓen zai ba da wat 50 a kowane murabba'in mita, wato wat 800 gaba ɗaya, kuma daga magariba zuwa hantsi awa 14 ne, ke nan kilowat-awa 11 a dare. Tankin lita 600 da ya sauka daga digiri 60 zuwa 45 yana ba da kilowat-awa 10 da ɗan kai. Ragowar daɓen ne ke cikawa daga abin da ya sha da la'asar. Nauyinsa ya haura tan 2, kuma ɗaga shi digiri ɗaya tak yana cin sama da rabin kilowat-awa, kusan minti 40 na aikin famfo ko da babu abin da ke zurarewa. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi ba zai tsaya jiran sauyi cikin minti goma ba.

Wat 800 ba zai ɗumama ɗaki mai tsayin mita 3 da rufin kwano ba. Mun ɗaura tamfol a tsayin mita ɗaya da rabi, ya zama ɗaki cikin ɗaki, muka bar kafar shan iska a sama ta ɓangaren yamma, nesa da inda iskar arewa maso gabas ke bugowa. Kaurin bangon ƙasa ma yana taimakawa, domin yana shan rana da yini ya rage kaifin sanyin asuba.

Yanzu ga daidaitawar kanta. Ruwan tanki na digiri 60 ba a tura shi kai tsaye cikin daɓe, iyakar da aka ba siminti digiri 55 ce, tsaki kuma ba su buƙatar ko kusa da haka. Tsakanin tanki da mararraba akwai bawul mai gauraya ruwa, yana ɗibar mai zafi daga saman tanki ya sirka shi da wanda ya dawo daga daɓe, ya fitar da abin da aka saita. Mun saita shi a 44. Bayansa sai ƙaramin famfon tura ruwa na bolt 12, wat 15, wanda ke cin wat-awa 210 a dare, abin da batir mai amfiya-awa 100 ke ɗauka ba tare da ya jigata ba. Gudun ruwan da ake so yana fitowa daga lissafin baya: wat 800 a raba da 1.16, a sake rabawa da digiri 5 na bambancin shiga da fita, ya ba da kusan lita 140 a awa, wato lita ɗaya da ƴan kai a minti a kowane zagaye. Ba mu da ma'aunin gudu, sai muka cire tiyon dawowa muka cika gorar lita ɗaya da rabi muna kallon agogo.

Mai kunna famfo da kashe shi ƙaramar na'urar nan ce W1209 da masu injin ƙyanƙyasar ƙwai suka sani. Abu biyu ake duba mata. Na farko, saitin P0 yana zuwa a kan C, wato sanyaya, dole a mayar da shi H, in ba haka ba za ta kunna famfo lokacin da daɓe ya yi zafi ta kashe shi lokacin da ya huce. Na biyu, P1, tazarar da ke tsakanin kunnawa da kashewa, yana zuwa a digiri 2, wanda ya yi wa daɓe yawa, mun mayar da shi rabin digiri. A tsoma kan ma'auninta cikin kofin ruwan ɗumi ana kallo, a ga daidai inda take kamawa da inda take saki, a kuma gwada ta da ruwan ƙanƙara ta nuna sifili, in ta kauce a gyara a saitin P4.

Inda aka sa kan ma'aunin shi ne ya fi komai muhimmanci, kuma nan ne na fi ganin ana kuskure. Mutane sukan rataya shi a iska, a tsayin gwiwa. Abin da ke faruwa shi ne, ƙarfe uku na dare iska ta yi sanyi, na'ura ta kunna famfo, daɓe ya fara sha, amma zafin ba zai fito sama sosai ba sai bayan awa biyu ko uku. Kafin nan tsaki sun sha sanyinsu. Rana ta fito, iska ta ɗumama, na'ura ta kashe, daɓen kuwa yanzu ne ya cika, sai ya yi ta amayar da zafi har azahar, tsaki na haki baki buɗe. An ƙona zafin tanki a lokacin da ba a buƙata, an rasa shi a lokacin da ake so. Namu yana cikin daɓen, cikin siririn tiyon wayar lantarki da aka binne tun ranar zuba siminti, daidai tsakiyar layi biyu, ba a jikin tiyon ruwa ba, kuma ana iya zaro shi in ya lalace. Mun saita shi a 37. Ma'aunin iska yana nan a rataye, amma na karantawa ne kawai, ba shi da iko a kan famfo.

Me ya sa 37 alhali tsaki 32 suke so? Saboda shimfiɗa. Dusar katako bargo ce, tana tare zafi kamar yadda soson da muka sa a ƙasa ke yi, ko da ba ta kai shi ba. Da kaurin santimita ɗaya, mun auna bambancin kusan digiri 5 zuwa 6 tsakanin siminti da saman shimfiɗa. Santimita 5 da aka saba zubawa a ɗakin gawayi za ta tare mafi yawan zafin, na'ura ta riƙa nuna 37 tana kashe famfo, tsaki kuma na kwance a kan sanyi. Don haka shimfiɗar farko siririya ce, santimita ɗaya, da takarda mai kauri a kai a kwana ukun farko inda ake barbaɗa abinci. Ana ƙara kaurinta ne daga sati na biyu, lokacin da ma ake son rage zafi. Busasshen yashi yana barin zafi ya wuce fiye da dusa, wanda zai yi amfani da shi sai ya sauke saitin daɓen da digiri 2 ko 3 ya sake auna saman.

An kunna tsarin kwana biyu kafin tsaki su iso. Daɓen yana digiri 22, kai shi 37 na cin kilowat-awa 8, kusan tanki guda, ban da abin da bango ke sha. A awannin farko ruwa na shiga a 44 ya dawo a 30, wannan ba matsala ba ce, simintin ne ke jin ƙishi. A yini na biyu bambancin ya sauko zuwa digiri 5, nan muka san ya ƙoshi. A lokacin ne muka daidaita zagayen biyu. Mun ɗaure ma'auni a tiyon dawowar kowanne, muka naɗe da tsumma. Wanda ya fi gajarta ya fi samun ruwa, dawowarsa ta fi ɗumi da digiri 2, sai muka ɗan matse bawul ɗinsa kwatan juyi, muka bar shi awa guda, muka sake dubawa, har suka zo cikin digiri ɗaya da juna.

Tsarin yini kuwa da lokutan salla muka ɗaure shi, don mai kwana a wurin ya riƙe ba sai ya duba takarda ba. Da la'asar ake ba famfo wuta, lokacin tanki ya cika kuma rana na ci gaba da ƙara masa, abin da daɓe ya sha a wannan lokaci kusan kyauta ne. Daga nan na'ura ke riƙe da shi duk dare. Bayan sallar asuba, wajen ƙarfe shida, ake kashe shi, duk da cewa a lokacin ne sanyi ya fi tsanani. Hannu ba ya son yin haka, amma ruwan da aka tura ƙarfe shida sai ƙarfe tara zai isa ƙafar tsaki, lokacin da rana ta riga ta karɓi aikin. Abin da ke ɗumama su da asuba shi ne wanda aka tura tun ƙarfe uku.

Bayan isha'i ana duba ma'aunin waje. Mun yi wa kanmu ƙa'ida: in ya fi na jiya sanyi da digiri 2 ko fiye, ko iska ta taso da ƙarfi, a ƙara wa bawul mai gauraya digiri ɗaya, in dare ya yi laushi a rage ɗaya. A ƙasashen sanyi na'ura ce ke yin wannan da ma'aunin da ke waje, mu da hannu muke yi, sau ɗaya a dare. Ba a taɓa abu biyu lokaci guda, kuma ba a sake taɓa abin da aka taɓa sai bayan awa uku. Wanda ya murɗa bawul, bai ga sauyi ba, ya ƙara murɗawa, ya kuma ɗaga saitin na'ura, zai tarar da duka ukun sun iso tare da hantsi.

Alƙalin ƙarshe dai tsakin ne. In sun bazu ko'ina, wasu na ci wasu na barci miƙe da wuya, kukan ƙasa-ƙasa, komai daidai ne. In sun dunƙule suna kuka mai kaifi, sanyi. In sun koma zirin da babu tiyo, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa, kuma maganin gaggawa shi ne a ɗaga gefen tamfol, domin kashe famfo ba zai huce da daɓe yanzu ba. Ana ɗaukar tsako a ɗora ƙafarsa a kumatu, in ta yi sanyi to shimfiɗa ba ta kai ba, ko me na'ura ke nunawa. Wani abin lura shi ne bushewar iska. Tsaki a kwanakin farko suna son laimar iska kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, hunturu kuwa kan saukar da ita ƙasa da 20, daɓe mai ɗumi yana ƙara busarwa. Mun rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a cikin tamfol inda ba za su ɗiga kan shimfiɗa ba. Kafar iska ba a toshe ta ko sanyi ya kai yaya.

Matsalolin da suka taso, bambancin ruwan shiga da na fita ne ya tona su. In daɓe ya riga ya ƙoshi amma bambancin ya haura digiri 10, ruwa ba ya gudu yadda ya kamata. Galibi iska ce ta maƙale, za a ji famfo na ƙara kamar yana tauna tsakuwa, zagaye ɗaya ya yi sanyi. A rufe zagaye ɗaya, a tura duk ƙarfin cikin ɗayan har kumfa ta daina fita, sannan a juya. In ba iska ba ce a duba matacin da ke gaban famfo, tsatsar tanki kan toshe shi, a kuma auna batir, domin famfon bolt 12 yana rage gudu in batir ya yi ƙasa wajen asuba. In bambancin bai kai digiri 2 ba, ko dai gudun ya yi yawa ana ɓata batir, ko shimfiɗa ta yi kauri ta danne zafin. Akwai kuma tankin da ke kwana yana hucewa fiye da lissafi. In gindinsa bai ɗara kan akwatunan rana ba, ruwa kan juya baya da dare ya je ya huce a cikin gilashi. Taɓa tiyon sama da tsakar dare, in yana da ɗumi har can kusa da akwati to abin da ke faruwa ke nan, sai a rufe bawul ɗin wannan layi da magariba a buɗe da hantsi. Mun kuma sa na'ura ta biyu a jikin tiyon shiga, wadda ke yanke famfo ta kaɗa ƙararrawa in ruwa ya wuce 50, saboda bawul mai gauraya yana iya maƙalewa.

Ranar da ƙura ta rufe gari, rana ta zama farar tasa, tanki ba ya kai 60. Ana share gilashin kowace safiya, amma hazo ba shi da magani. Ma'aunin saman tanki da la'asar shi ke faɗin gaskiya: in bai kai 55 ba, ba zai kai asuba ba. Don wannan akwai murhun gawayi a waje, da naɗaɗɗen tiyon tagulla a cikinsa da ke haɗe da tanki, ana hura shi tun magariba a cike giɓin. Wutar da hayaƙinta suna waje, ɗumin kawai ke shiga ɗaki. Jiran sai tanki ya huce ƙarfe biyu na dare kafin a hura ya makara.

Kajin nama suna ninka nauyinsu kusan sau huɗu a satin farko, daga wajen giram 40, kuma jikinsu na ƙara ba da zafi kullum. Don haka ana saukar da saman shimfiɗa digiri 2 zuwa 3 kowane sati: 32 ranar isowa, 30 a ƙarshen satin farko, 27 ko 28 a na biyu. Mun fi son rage rabin digiri duk bayan kwana biyu a na'ura, tare da rage bawul mai gauraya, domin ruwan da bai yi zafi sosai ba yana sa tanki ya daɗe, akwatunan rana ma sun fi kamawa. Daga sati na biyu an buɗe musu ƙarin fili, an ɗage tamfol da rana, famfo kuma sai magariba ake kunna shi. A sati na uku sai tsakar dare, bayan haka an kashe shi gaba ɗaya.

Zubin tsakin da ya faɗo ƙarshen Fabrairu yana son taka-tsantsan ta ɗaya gefen, domin azahar ta fara zafi, daɓe kuma ba ya hucewa da wuri, sai a kashe famfo tun ƙarfe huɗu na dare. Da bazara ta shigo, an rufe gilashin akwatunan da tabarma don kada ruwa ya tafasa a ciki, an bar tiyon daɓe cike da ruwa, ana kunna famfo minti biyar kowane sati don kada ya kafe kafin Nuwamba.